MARSANDI 600: TARIHIN MOTAR DA TA ZAMA KARAGAR MULKI

Gabatarwa

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, cikin birnin Legas, akwai wata baƙar mota ƙirar Marsandi da aka killace, jikinta duk hudar harsashi. A cikinta ne aka kashe Janar Murtala Muhammed da safiyar Juma'a, 13 ga watan Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a Barikin Dodan. Duk lokacin da na kai ɗalibai wurin, ba a rasa wanda zai dube ta sama da ƙasa, sannan ya juyo ya ce, "Malam, ashe ƙarama ce haka?" Wannan tambaya ita ce musabbabin wannan maƙala. Ɗalibin bai yi kuskure ba, domin motar samfurin 230.6 ce, irin wadda babban likita ko matsakaicin ɗan kasuwa kan iya mallaka a wancan zamani. Motar da yake zaton zai gani, wato doguwa mai cika ido wadda ta dace da shugaban ƙasa, kamfanin yana ƙera ta a lokacin, kuma da yawa daga cikin takwarorin Murtala ita suke hawa. Sunanta Mercedes-Benz 600.

Wannan maƙala za ta bi salsalar wannan mota, daga kakanninta zuwa magadanta, ta dubi yadda aka ƙera ta da irin mutanen da suka hau ta, sannan ta waiwayi abin da marubutan Afirka suka gani a jikin Marsandi har suka mayar da ita abin zambo.

Asalin suna

Kalmar "Marsandi" da Bahaushe ya ara ya sarrafa daidai da bakinsa, asalinta sunan wata yarinya ne. A ranar 29 ga watan Janairu, 1886, wani injiniya Bajamushe mai suna Carl Benz ya nemi rajistar haƙƙin mallakar wata mota mai ƙafa uku da ya ƙera a garin Mannheim, kuma wannan rana ce galibin masana ke ɗauka a matsayin ranar haihuwar mota. Da farko mutane sun ɗauke ta abin wasa, har sai a watan Agustan 1888, lokacin da matarsa Bertha ta ɗauki 'ya'yanta biyu ta tuƙa motar zuwa garin Pforzheim, tafiyar da ta ɗara kilomita 100, ta nuna wa duniya cewa abin na iya kai mutum unguwa ya komo da shi. A daidai wannan zamani kuma, Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suna can kusa da Stuttgart suna ƙera nasu injin.

Daga cikin masu sayen motocin Daimler akwai wani attajiri mazaunin birnin Nice ta Faransa, mai suna Emil Jellinek, wanda ke da ɗiya da aka haifa a 1889 ana kiran ta Mercédès, sunan da ke nufin rahama a harshen Sifaniyanci. A shekarar 1900 ya ba da odar motoci 36 bisa sharaɗin a yi masa sabuwar ƙira mai sauri, maras tsawo daga ƙasa, a kuma sa mata sunan 'yarsa. Maybach ya ƙera, motar ta cinye gasar tsere a Nice a watan Maris na 1901, sunan ya bi ta, aka yi masa rajista a 1902. Tauraro mai tsini uku kuwa an yi masa rajista a 1909, kuma yana nuni ne da burin Daimler na ganin injinsa yana aiki a tudu da ruwa da sararin sama. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ya tilasta wa kamfanonin biyu haɗewa a 1926, daga nan ne aka sami sunan Mercedes-Benz.

Kakanni biyu

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Samfurin 600 tana da kakanni biyu, kuma kowannensu ya bar mata gado.

Ta farko ita ce 770, wadda Jamusawa suka yi wa laƙabi da "Babbar Marsandi". Ta fito a 1930 da inji mai silinda takwas a jere, mai faɗin lita 7.7, aka ci gaba da ƙera ta har 1943, amma duka-duka ba ta fi guda 200 da 'yan kai ba. Sarki Hirohito na Japan ya mallake ta, haka ma tsohon sarkin Jamus Wilhelm na Biyu a zamansa na gudun hijira a Holan. Sai dai wanda ya fi manna mata suna shi ne Adolf Hitler, wanda kan tsaya a gabanta ba rufi, hannu a miƙe, yana ratsa dubban magoya baya. An yi masa wasu masu sulke da gilashin da harsashi ba ya hudawa, nauyinsu ya haura tan huɗu, kuma ɗaya daga cikinsu tana ajiye a gidan tarihin yaƙi na Ottawa, a ƙasar Kanada. Wajibi ne a faɗa cewa a shekarun yaƙin kamfanin ya koma ƙera injinan jiragen sama da motocin soja, ya kuma yi amfani da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki, cikinsu har da fursunonin sansanonin gwale-gwale. Sai a 1988 ya biya Mark miliyan 20 ga ƙungiyoyin da ke kula da waɗanda suka tsira.

Yaƙin ya ƙare a 1945 da masana'antun kamfanin a rushe. Da ƙyar aka farfaɗo da ƙaramar mota samfurin 170 V, aka soma da motocin ɗaukar kaya da na marasa lafiya. Shekara shida kacal bayan haka, a watan Afrilun 1951, kaka ta biyu ta bayyana a baje kolin motoci na Frankfurt, wato samfurin 300, mai silinda shida da lita uku. Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma na farko, Konrad Adenauer, wanda ya yi mulki daga 1949 zuwa 1963, ya riƙe ta har aka riƙa kiran ta da sunansa. A 1955, da zai tafi Mosko domin neman a sako ragowar fursunonin yaƙi na Jamus kimanin dubu goma, sai da aka ɗora motarsa a jirgin ƙasa ta bi shi. Ƙasar da aka ci da yaƙi tana son ta nuna wa wanda ya ci ta cewa ta miƙe. Ke nan tun kafin a haifi 600, an riga an saba da aika Marsandi ta yi magana a madadin gwamnati.

Haihuwar 600

Tun a tsakiyar shekarun 1950 shugaban sashen injiniyoyi, Fritz Nallinger, ya sa aka soma tunanin motar da za ta shiga gaban Rolls-Royce ta Ingila da Cadillac ta Amurka. Daga cikin waɗanda suka yi aikin akwai injiniya Rudolf Uhlenhaut, wanda ya yi suna wajen ƙera motocin tsere, da wani matashin mai zane Bafaranshe, Paul Bracq, ƙarƙashin jagorancin Friedrich Geiger. An nuna ta a Frankfurt a watan Satumban 1963, aka soma miƙa wa masu saye a 1964. Lambarta a cikin kamfanin ita ce W100, kuma ita ma ta gaji laƙabin "Babbar Marsandi".

Surarta ba ta da ado mai yawa. Layukanta miƙaƙƙu ne, tagoginta manya, kwarjininta yana cikin girmanta. Gajeriyar tana da tsawon mita 5.54 da nauyin kimanin tan biyu da rabi. Doguwar, wadda ake kira Pullman, tana da mita 6.24, ana yin ta da ƙofa huɗu ko shida, da gilashin da ya raba direba da maigida. Akwai kuma nau'i na uku mai suna Landaulet, wanda rufinsa na baya ƙyalle ne da ake naɗewa, domin shugaba ya miƙe tsaye jama'a su gan shi. Injinta shi ne na farko mai silinda takwas a siffar V da kamfanin ya taɓa sa wa motar fasinja, faɗinsa lita 6.3, ƙarfinsa na doki 250. Duk da nauyinta tana iya gudun da ya ɗara kilomita 200 a awa guda, abin da yawancin ƙananan motocin wancan zamani ba sa iyawa. A maimakon sifirin na ƙarfe, jakunkunan iska ne ke ɗauke da ita, suna daidaita tsayuwarta komai yawan waɗanda suka shiga.

Abin da ya fi fito da ita daban shi ne yadda ake sarrafa kayan jin daɗinta. Injiniyoyin sun ga cewa ƙananan injinan lantarki na lokacin suna da girma, ga ƙara, don haka suka shimfiɗa siraran bututu a duk jikin motar, wani famfo yana tura mai a cikinsu da matsi mai tsanani, kimanin ninki 150 na matsin iskar da muke shaƙa. Wannan mai shi ke ɗaga gilashi, ya matsar da kujera, ya buɗe rufi, ya rufe but, ya kuma ƙarasa jan ƙofa idan an tura ta a hankali, duka ba tare da an ji motsi ba. To, amma kowane allazi da nasa amanu. Da zarar bututu ɗaya ya soma yoyo, komai sai ya tsaya, ga shi mai na musamman yake sha, kuma makanikan da suka san kansa ba su da yawa ko a Jamus ɗin.

Da hannu ake harhaɗa ta a masana'antar Sindelfingen, kowace guda takan ɗauki makonni, mai saye kuma shi ke zaɓen fata da katako da sauran abin da ransa ke so, kamar tarho ko firji ko talabijin. Farashin gajeriyar a farko Mark 56,500 ne, kuɗin da zai sayi ƙaramar Volkswagen nan mai kama da kunkuru fiye da goma. Daga 1964 zuwa 1981 guda 2,677 kawai aka ƙera: gajeru 2,190, Pullman 428, Landaulet kuma 59.

Mahayanta

A 1965 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta kai ziyara Jamus ta Yamma, shekara ashirin bayan ƙasashen biyu sun gama ragargazar juna, aka zaga da ita cikin Landaulet. A wannan shekara ce kuma aka ƙera wa Fafaroma Paul na Shida tasa, da kujera guda a baya kamar karaga. Mawaƙa irin su John Lennon da Elvis Presley sun saye ta, haka ma Coco Chanel mai zanen tufafi. Amma jerin sunayen da ya fi bin ta na wasu mutane ne daban: Tito na Yugoslabiya, Nicolae Ceaușescu na Romaniya, Kim Il-sung na Koriya ta Arewa, Shah na Iran, Saddam Hussein na Iraƙi, sannan a nahiyarmu Idi Amin na Yuganda, Mobutu na Zayar da Jean-Bédel Bokassa na Afirka ta Tsakiya. Shi Bokassa, a bikin naɗin kansa sarkin sarakuna ran 4 ga watan Disamba, 1977, sabbin Marsandi 60 aka yi oda domin baƙi kawai, aka sauke su a Kamaru, aka kwaso su ta jirgin sama zuwa Bangui, a ƙasar da take cikin mafiya talauci a duniya.

Me ya ja hankalin irin waɗannan mutane? Amsa ɗaya tana cikin siyasar lokacin. Rolls-Royce motar gidan sarautar Ingila ce, tana ɗauke da warin mulkin mallaka, Cadillac kuwa ta Amurka ce, hawanta kamar bayyana ɓangaren da mutum ya ɗauka ne a yaƙin cacar baka. Jamus ta rasa ƙasashen da ta mallaka a Afirka tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, saboda haka shugaban sabuwar ƙasa na iya hawa motarta ba a ce ya koma gidan tsohon ubangida ba. Amsa ta biyu kuwa Bahaushe ya fi kowa saninta. Mun san abin da doki yake a wurin sarki: yakan ɗaga shi sama da jama'a, ya sa a hango shi daga nesa, kayan adonsa su faɗi matsayinsa tun bai buɗe baki ba. Landaulet ta yi wa shugabannin zamani wannan aiki. Bambancin shi ne, mahayin doki yana jin gaisuwar talaka da kokensa, yana shaƙar ƙurar da suke shaƙa, wanda ke cikin Pullman kuwa an ƙera masa ɗaki ne takanas domin kada ƙara ko ƙura ko zafi su iso gare shi. Ina ganin wannan shiru da injiniyoyin Sindelfingen suka sha wahalar samarwa ya dace da halin mahayan nan fiye da yadda su injiniyoyin suka yi nufi.

Ƙarshen yawancinsu sananne ne. A shekarar 1979 kaɗai Shah ya bar Iran, Amin ya tsere daga Kampala, aka kuma kifar da Bokassa. An harbe Ceaușescu ran 25 ga watan Disamba, 1989. Mobutu ya mutu a gudun hijira a Maroko a 1997. Landaulet ɗin Saddam kuwa ta ƙare a wani gidan tarihin motoci a birnin Los Angeles.

Marsandi a idon marubuta

Adabi bai yi jinkirin gane wannan alama ba. Masu magana da Swahili sun ƙirƙiri kalmar "Wabenzi", wato ƙabilar masu Benz, domin yi wa sababbin masu mulki da kuɗi shaguɓe. A 1975 Nkem Nwankwo ya fitar da ƙagaggen labarinsa mai suna My Mercedes Is Bigger Than Yours, kuma a wannan shekarar ce tarin gajerun labaran Ngugi wa Thiong'o ya fito ɗauke da labarin A Mercedes Funeral, inda 'yan takara ke gasar nuna wa gawar talaka gatan da ba su nuna masa ba yana raye. A fim ɗin Xala na Sembène Ousmane na Senegal, shi ma na 1975, an nuna direba yana yi wa Marsandin maigidansa hidima da ruwan kwalba da aka shigo da shi daga Faransa, alhali mabarata na zaune a ƙofar ofis. Da asirin maigidan ya tonu aka zo karɓe motar, sai tura ta aka yi. Amma ba ko'ina ne sunan ya zama zagi ba. A Lome, matan da suka yi arziki da fataucin atamfa ana kiran su "Nana Benz", kuma yabo ne, domin guminsu ne ya saya musu.

Faɗuwar rana da magada

Rikicin man fetur na 1973 ya karya kasuwar manyan motoci masu shan mai, cinikin 600 ya ragu zuwa 'yan gomiya a shekara. Daɗin daɗawa, ƙannenta sun soma kamo ta. Tun a 1968 aka ɗauki injinta aka sa wa ƙaramin jiki, aka sami 300 SEL 6.3, wadda ta fi ta gudu da araha. A 1972 aka soma amfani da sunan S-Class, a 1975 aka fito da 450 SEL 6.9, a 1978 aka sa wa wannan jeri birkin da ba ya kulle taya, a 1981 kuma jakar iska mai kare direba. Ita kuwa 600 ta shekara goma sha bakwai kusan yadda aka haife ta. Ta ƙarshe ta fito a 1981, aka wuce da ita gidan tarihin kamfanin a Stuttgart.

Lambar 600 ta dawo a 1991 a jikin wata S-Class mai silinda goma sha biyu, amma wannan ƙirar masana'anta ce da ake yi dubu-dubu. A 2002 kamfanin ya sake gwada sa'a, ya tono sunan Maybach ya sa wa wata doguwar mota, da nufin karawa da Rolls-Royce da Bentley. Kasuwa ba ta karɓe ta ba, aka daina ƙera ta a ƙarshen 2012 bayan an sayar da kimanin 3,000. Daga baya aka mayar da sunan laƙabi ga mafi tsadar S-Class, har aka sake fito da Pullman a 2015. Sulken ya ƙaru, na'urori sun yawaita, sai dai darasin da aka koya ran 30 ga watan Nuwamba, 1989 yana nan: a ranar ce bam ya kashe shugaban bankin Deutsche Bank, Alfred Herrhausen, cikin Marsandinsa mai sulke, ga motocin masu gadi gaba da baya.

Kammalawa

Mu koma Onikan. Murtala ya karɓi mulki a ƙarshen watan Yulin 1975, lokacin da kuɗin fetur ke kwarara, kuma ba abin da zai hana shi yin odar Pullman da ya so. Ya zaɓi matsakaiciyar mota, ba jiniya, ba jerin gwano, yana bin cunkoson Legas kamar kowa, kuma a cikin wannan cunkoso ne mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka tare shi. Gwamnatin Janar Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage ƙawa, ta mayar da Peugeot 504, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, motar manyan jami'ai. Manufar ba ta yi tsawon rai ba, dogayen motoci da jiniya suka dawo, suka kuma ninka.

Wani na iya cewa da Murtala ya shiga mota mai sulke da bai mutu a ranar ba, kuma mai yiwuwa ne ya yi gaskiya, domin sakaci da tsaro ba abin yabo ba ne. Amma ina roƙon mai karatu ya ajiye motocin biyu a zuciyarsa ya gwama. Ta Saddam tana Los Angeles, masu yawon buɗe ido na zagaya ta suna mamakin tsawonta. Ta Murtala tana Legas, yara 'yan makaranta na tsayawa gabanta su yi shiru, sunan mai ita kuwa yana kan babban filin jirgin saman birnin, hotonsa yana kan takardar Naira ashirin tun 1977. Injiniyoyin Jamus sun yi aikinsu, sun ƙera motar da har yau masana ke sanyawa cikin mafiya inganci a ƙarni na ashirin, kuma ba su da laifin wanda ya hau. Abin da ya rage namu ne, musamman ɗalibanmu da wata rana wasunsu za su zauna a kujerar baya: idan aka ɗaga gilashi aka kunna sanyi, wa zai riƙa sanar da su abin da ake faɗa a waje? Shi ya sa duk lokacin da ɗalibi ya ce mini motar ƙarama ce, nakan ce masa ya matsa kusa ya ƙara dubawa.